Yadda Tasar Gidanmu Ta Kusa Raba Ni da Ummi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ciki, ya kuma halicci abin da ke murɗa shi.

Na yi alkawari a bakin gadon asibiti cewa idan Allah ya tashi kafaɗar 'yata zan rubuta abin da ya same mu, kuma zan kira ciwon da sunansa na yanka, ba zan naɗa masa rawani ba. Sunansa gudawa. Zawo. Atini, in da jini. To, na faɗa. Wanda kunnensa ya fi ƙarfin waɗannan kalmomi ya ajiye takardar nan ya je ya nemi labarin turaren wuta, domin irinsa ne suka kusa sa ni haƙa ƙaramin kabari a daminar bana.

Sunana Iliyasu, Ilu a bakin dangi. Ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma, ina zaune a Kazaure da matata Hadiza da 'ya'yanmu. Kafin wannan ciwo ina da tumbin da yake riga ni shiga ofis da minti biyu, har masinja yakan gaishe shi kafin ya gaishe ni. Autarmu ita ce Ummi, shekararta uku. Sunan mahaifiyarmu marigayiya aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na gaskiya.

Gidanmu irin gidajen nan ne da ake cewa gidan asali. Kakanmu ya yi wa masarauta hidima, ya rasu ya bar mana abu uku: zaure mai faɗi, da girman kai mai faɗin zauren, da wata tasar tagulla ta wanke hannu. Babban wanmu, Yaya Alhaji, shi ya gaji duka ukun. Tsohon darakta ne, ya yi ritaya, yana zaman jiran wata sarauta da ya ɗinka wa riga tun da daɗewa, har rigar ta fara matse shi a rataye.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, mu mazan gidan mukan haɗu a zauren Yaya mu ci tuwon shinkafa da miyar taushe a babban tire ɗaya. Kafin a ci sai a kawo tasar nan da ruwa. Sau ɗaya ake zuba ruwan. Yaya ne zai fara tsoma hannu, sai mai bi masa, sai mai bi wa wannan, har ƙasa. Ni ne na takwas. Kafin tasar ta iso gabana ruwan ya koma wani abu tsakanin kunun kanwa da ruwan kududdufi, in aka bar shi ya kwana da safe sai a tarar kwaɗi sun tare a ciki da iyalansu. Amma ba mai cewa a sake. Wanda ya ce a sake ruwa ya ce hannun na gaba da shi ƙazanta ne ke nan, kuma wannan a gidanmu ya fi zagin uba nauyi. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa tambayar sabulu bayan ya dawo daga karatu. Har yau Bature ake kiransa, matarsa kuma matar Bature.

Mace ɗaya ce ke shiga zauren nan lokacin cin abinci, ita ce Ummi. Saboda sunan da take ɗauke da shi Yaya ba ya kiranta komai sai Inna. "Ku kawo min uwata," in ji shi. Sai ya ɗora ta a cinya, ya yayyaga nama da yatsunsa, ya riƙa sa mata a baki. Ni kuwa ina gefe ina washe haƙora kamar an ba ni kujerar Makka.

Juma'ar da abin ya faro damina ta yi tsakiya, ƙudaje sun yi yawan da in ka yi hamma sai ka tsaya ka ga nawa suka fito. Yaya ya shigo zaure a makare daga cikin gida, fuskarsa ta ɗan faɗa, ya tsoma hannu a tasa, muka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin ci ya miƙe.

"Bari in amsa waya," ya ce.

Ya fita da buta a hannu. Ni dai tun da aka kawo wayar hannu ƙasar nan ban taɓa ganin wadda ake amsawa da buta ba. Ya dawo, ya lakaci ruwan tasa da bakin yatsu, ya goge a hankici, ya sake ɗaukar Ummi. Can kuma wata wayar ta sake shigowa. Na gani. Da idona na gani. Mu goma sha ɗaya muka gani, kowa ya sunkuyar da kai yana yabon miya. Saboda haka in kun ji ina yi wa mutane wankin babban bargo a takardar nan, ku sa sunana a farkon layi.

Ranar Lahadi da hantsi cikina ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Da farko ƙugi ne, irin na tsohuwar motar kasuwa a kan hawa. Sai murɗa. Sai gudu. Tsakanin ɗakina da masai taku goma sha huɗu ne, amma zirga-zirgar da na yi a yinin nan in aka miƙe ta da na je Daura na dawo har na tsaya shan mai. Na lallaɓa kemis ɗin bakin layinmu, mai shagon bai tambaye ni komai ba ya juye min ƙwayoyi a leda, ja da rawaya da fari da wata mai kai biyu, kamar kayan kwalliyar amarya. Ya ce in haɗiye su gaba ɗaya. Na haɗiye. Ko gaisawa da cikina ba su tsaya yi ba.

Kafin Litinin mutum huɗu cikin waɗanda muka ci tuwon nan sun kwanta. Ku ji yadda 'yan gidan asali suke rashin lafiya. Ɗaya ya ce basir ɗinsa ne ya motsa. Ɗaya ya ce sanyin damina ne. Ɗaya ya ce canjin ruwa ne, shi da bai bar unguwar ba tun azumi. Na huɗun ya ce gajiya ce. Gajiyar da ke sa mutum ya zauna a bakin masai da tabarma! Ba wanda ya furta kalmar nan, balle a zauna a ce, jama'a, me muka haɗa baki muka ci, ko me muka haɗa hannu muka taɓa?

Ran Litinin ɗin da la'asar jikin Ummi ya yi zafi. Talata ta fara. Laraba Hadiza ta kira ni ta nuna min fo: majina da jini.

Yanzu da nake tunawa, gidana ma ba ƙaramin taimako ya yi wa ciwon ba. Buta ɗaya ce, da ita ake shiga masai, da ita ake alwala, da ita ake ɗauraye kofi in an yi sauri. Randa ɗaya, moɗa ɗaya, kowa ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗebo. Fo ɗin Ummi a gindin randar ake wanke shi, domin mu a wurinmu kashin yaro ba kashi ba ne, wani abu ne kamar kunu da ya ɓata hanya. Tsumman goge hannu ɗaya rataye a ƙofar kicin tun zamanin da nake da gashi. Ƙudaje kuwa sun buɗe layin mota tsakanin masai da kwanon abinci, ba sa ko karɓar kuɗin fasinja.

Ranar Alhamis 'yan dubiya suka sauka. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ta taso daga Gwiwa a bayan babur ɗin ɗanta Tanimu, wanda ke sayen gyaɗa a Roni. Tanimu taubashina ne, ba ma haɗuwa sai an yi. Yana leƙo ɗaki ya ga yadda riga ta yi min yawa, sai ya riƙe baki.

"La'ilaha illallahu! Ilu, wa ya sace maka iska? Ina tumbin? Ko an kai shi gyara ne?"

"Yana hutun shekara," na ce. "Kai da ko an hura ka ba ka kai sillen kara ba, zo ka zauna ka ga yadda manya ke ciwo."

"Manya? Ai tun daga bakin titi na ji girman."

Gwaggo ba ta tsaya wasa ba. Ta ɗauki Ummi ta kifa ta a cinya, ta duba inda za ta duba da yatsunta, ta goge hannu a gefen zani, ta yanke hukunci.

"Ɗankanoma ne. Ke Hadiza, me kike ɗura mata?"

"Ruwa ne, Gwaggo, da ɗan gishiri da sukari. A rediyo aka ce..."

"Rediyo ta haihu ne? Ni tara na haifa. Ruwan da kike zuba mata ta sama shi ke fita ta ƙasa. Ki tsayar da ruwa, ciki ya bushe, zawo ya tsaya. Ga jiƙon ganyen gwaiba, cokali ɗaya safe ɗaya yamma. Ban da shi ko ɗigo."

Ta zo mana da fura daga Gwiwa. Da hannun nan da ta goge a zani ta marmashe ta a ƙwarya, aka zuba nono, aka ɗebo ruwan randa aka ƙara. Ludayi ɗaya ya zagaya. Tanimu ya sha har yana lashe gemu, yana cewa bari ya shanye rabona tunda ni duk abin da na sha asara ne. Da yamma ya koma Roni. Gwaggo ta kwana biyu don ta tabbatar an bi dokarta.

Ni fa ina da takardar difloma. Na je bita a kan cutar kaji, na san yadda ciwo ke bi ta ruwan sha ya share akurki. Amma da Gwaggo ta ce a hana 'yata ruwa sai na ce, "To, Gwaggo, Allah ya saka da alheri." Da kaji ne da na yi gardama.

Mako na biyu ya kama ranar Asabar. Gwaggo ta hau motar Gwiwa da safe tana dafe da ciki, ta ce wai furar ce ta yi mata tsami. Tana fita Hadiza ta shigo ɗakina riƙe da Ummi. Ban taɓa ganin fuskar matata haka ba.

"Malam, tun jiya ba ta yi fitsari ba. Ina satar ba ta ruwa da cokali, yanzu ko haɗiyewa ba ta yi. Dubi, kuka take yi ba hawaye."

Na duba. Idanun sun zurma. Leɓen ya bushe ya tsage. Yarinyar da in ta fara surutu sai ka kashe rediyo, tana buɗe baki ba abin da ke fitowa sai wani ɗan sauti kamar na ɗan mage.

Kun san abin da na ce? Na ce bari in sanar da Yaya tukuna. A gidanmu ba a kai yaro asibiti sai babban gida ya sani. Na buga wayarsa, matarsa Hajiya Binta ta ɗauka ta ce ya tafi Dutse taro, sai wani makon. Na tsaya ina juya waya a hannu ina tunanin wa ke bi masa a girma.

Hadiza ta ɗauki zani ta goya Ummi. Ta ce, "Malam, ko ka fito da babur, ko in tafi da ƙafa. In Yaya ya dawo ka ce masa ni ce ban da tarbiyya."

Na fito da babur.

Layin yankar kati a asibiti ya fi layin mai lokacin wahala. Mata da goyo, tsofaffi a kan benci, wasu a ƙasa, kusan rabinsu da buta a gefe, kowa yana kallon kowa kamar bai san abin da ya kawo ɗan'uwansa ba. Mai yankar katin yana cin gyaɗa yana rubutu kamar ana biyansa ne a kan jinkiri. Wani mai babbar riga ya zo ya wuce mu duka, aka miƙe masa. Na fara shirya abin da zan ce, sai wata nas mai ƙiba da ke wucewa ta ɗaga mayafin Hadiza ta leƙa fuskar Ummi. Ta tsunkuli fatar cikinta ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda.

"Ku ne iyayen? Kuna nan kuna bin layi? Ku biyo ni!"

Ban san sunan matar nan ba. Ta zazzage mu tas a gaban jama'a, ta ce da mu da jahilai ba bambanci sai takalmi. Allah ya ba ta Aljanna, ya gina mata gida mai bene a ciki.

Sau uku ana neman jijiya a hannun Ummi ba a samu ba, sai a ƙafa. Ba ta ko motsa ba da allura ta shiga. Wannan rashin motsin ya fi min kowane ihu ciwo. Aka rataya ledar ƙarin ruwa, aka ɗebi bayan gida aka kai gwaji.

Likitar wata siririyar mace ce, in a hanya na gan ta sai in ce 'yar sakandare ce. Ta tambayi wa ya fara a gidan, me muka ci, ina muke ɗebo ruwa, yaya muke wanke hannu. Na gyara zama na ba ta labarin tasar tagulla da alfahari, ina jira ta ce masha Allah. Ta ajiye biro.

"Malam, bari in faɗa maka da Hausa. Wannan ciwo ba ya tashi sama, ba ya bin iska. Kashin wani ne ya shiga bakin wani. Ko ta hannu, ko ta ruwa, ko ta abinci, ko ta ƙafar ƙuda. Wanda ido ba ya gani ma ya isa."

Na ce, "Likita, mu fa gidanmu..."

"Ƙwayar cutar ba ta tambayar sunan kakanka. Mutum goma a ruwa ɗaya ba wanke hannu kuka yi ba, rabon datti kuka yi. A tsiyayo ruwa daga buta ya zube ƙasa, da sabulu, in babu da toka. Bayan masai, bayan wanke wa yaro, kafin a taɓa abinci. Kuma wanda ya ji sauƙi ma yana iya ci gaba da rabawa na wasu kwanaki. Wa ya ce a hana ta ruwa?"

Na hau nazarin takalmina.

"Ba zawon ke kashe su ba, yawanci. Bushewar ce. Da kun ƙara yini ɗaya da ba ni za ku nema ba."

Kashin wani ne ya shiga bakin wani. Maganar nan ta zauna min a kai kamar hula. Har yau in mutum ya miƙo min hannu sai in ji ina son tambayarsa tarihin hannun.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata Bafulatana daga wata ruga ta wajen Roni, da ɗanta wanda bai kai Ummi ba. Ruwa ya cinye musu hanya, sai da suka yi kwana biyu kafin su samu babur. Ita da Hadiza ba su da dogon zance, sai dai musayar mafici da ruwan zafi. Ranar Litinin da hantsi yaron ya cika. Ba ta yi kururuwa ba. Ta naɗe shi a zaninta, ta tattara ƙwaryarta, ta tsaya a kan Ummi ta ce, "Allah ya bar miki taki." Ni da mutane ke cewa ko a maƙabarta sai na ba da dariya, yinin nan na zauna ina ƙirga ɗigon ruwan leda ina kallon ƙirjin 'yata, yana ɗagawa ko ya tsaya.

Ran nan Tanimu ya bugo daga Roni, murya kamar daga cikin rijiya. "Taubashi, ka cuce ni. Ni da matata da yara biyu. Gwaggonka kuma a Gwiwa ta kwantar da gida guda." Na ce masa ya bar wasa, ya tafasa ruwa, ya sayi garin gishiri da sukari na leda a dama wa kowa, yaran kuma ya kawo su yau ba gobe ba, kuma ya buga wa uwarsa ya ce likita ta ce in ta sake hana wani ruwa hukuma za ta zo. Likita ba ta faɗi haka ba. Allah ya yafe min, ƙaryar da na fi alfahari da ita ke nan. Ciwo ɗaya daga tire ɗaya, ya hau babur ya je Roni, ya hau motar kasuwa ya je Gwiwa, ko sisin mota bai biya ba.

Talata na zagaya bayan asibiti neman inda zan yi azahar. A ƙarƙashin wata darbejiya na ga mota an lulluɓe ta da tampol, amma an manta lambar a waje. Lambar da na sani kamar sunana. Ina tsaye sai ga Hajiya Binta ta fito daga ɗakunan nan na gefe da ake ba manya, riƙe da wani abu an rufe shi da ɗankwali. Ta gan ni ta daskare.

"Hajiya, sannu da zuwa Dutse. Ya hanya?"

"Ilu, don Allah ka rufa min asiri. Shi ya ce kada kowa ya ji."

"Tun yaushe?"

"Tun Larabar da ta wuce waccan. Ya je Babura duba shanu, ya ci abinci a kasuwa, ya dawo da shi. Ran Juma'ar na ce ya fasa zaman zaure, ya ce in ya fasa za a tambayi dalili."

Za a tambayi dalili. Kwana biyu yana fama kafin ya tsoma hannu a tasar nan ya ɗauki 'yata. Ya sani sarai. Ya auna lafiyar mutum goma sha ɗaya da yarinya 'yar shekara uku a gefe ɗaya, ya auna kada a ce Alhaji na zawo a ɗaya gefen, ya ga na biyun ya fi nauyi.

Na shiga. Yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ya rame kamar an wanke shi an shanya, amma hula na kansa, an karya ta daidai.

"A'a, Ilu. Hawan jini ne ya ɗan taɓa ni."

Na durƙusa kamar yadda aka koya min. Na ce, "Allah ya sauwaƙe, Yaya, ya ƙara lafiya. Ummi ma hawan jinin ne ya kwantar da ita. Tana ɗakin yara, gado na uku. Kwananta huɗu."

Ya kalli silin. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Tsakanin ɗakinsa da ɗakin yara bai kai tsakanin zaurensa da masallaci ba, amma har aka sallame shi bai leƙo ba, don kada a gan shi a rigar marasa lafiya. Uwar tasa ke nan.

Laraba da walaha ina riƙe da Ummi a cinya Hadiza na gyara shimfiɗa, sai na ji ɗumi yana bin rigata. Fitsari! Na ɗaga ta sama ina kiran nas kamar wanda matarsa ta haifi 'yan uku. Na yi yawo da rigar nan a jiƙe ina nuna wa duk wanda ya tsaya. Da azahar ta buɗe ido ta ce, "Baba, ƙosai." Aka ce ba yanzu ba, aka ba ta kunu. Ta sha tana hararata. Ban taɓa jin daɗin harara irin wannan ba.

Juma'a aka sallame mu da maganin sha da wasu ƙwayoyi na zinki na kwana goma. Kuɗin da aka kashe ba zan jera ba. Akuyar Hadiza dai ta je kasuwa ba ta dawo ba.

A mako na uku gidana ya koma barikin soja, Hadiza ce kwamanda. Buta biyu, ta masai an ɗaura mata jan ƙyalle. Sabulu a rataye da igiya a bakin masai, wani a bakin kicin. Randa a rufe, ludayi mai dogon hannu, ruwan sha sai an tafasa. Fo sai a masai. Tsumman nan na tarihi ta ƙone shi, ya yi wani hayaƙi da ya kori sauron unguwa. Ummi kuwa ƙafafunta sun zama kamar tsinken tsire, in ta yi taku biyar sai ta zauna.

Ranar Laraba da la'asar muka ji tsayuwar mota. Yaya Alhaji ne, ya dawo daga Dutse, da rakiyar mutum biyu da ƙunshin balangu a takarda. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida. Muka gaisa, ya yi mana jaje kamar yau ya fara jin labari. Sannan ya buɗe takarda, ya sa yatsu ya yago nama.

"Ina uwata? Zo, Inna, zo ki karɓa."

Ummi ta fara takawa. Ni kuwa, jarumin da ya rubuta duk wannan takarda, ina zaune ina kallo. Shekara arba'in da 'yan kai ina cewa "to, Yaya", bakina bai san wata hanya ba.

Hadiza ce ta shiga tsakani. Matar da tun da aka kawo ta gidanmu Yaya bai taɓa jin muryarta sama da raɗa ba. Ta zo da buta da sabulu a faranti, ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, ta jawo Ummi bayanta da hannu ɗaya.

"Yaya, a yi haƙuri. A wanke tukuna."

'Yan rakiya suka fara nazarin katanga.

"Ilu," in ji Yaya, bai ko kalle ta ba, "a gidanka ake ce min hannuna da datti?"

Na ji muryar wani ta fito daga bakina. "Yaya, a gidana kowa ke wankewa. Ni ma sai na wanke ake ba ni tuwo."

Ya mayar da naman cikin takarda, ya miƙe, ya kaɗe riga, ya fita. Ya zaɓi ya bar uwarsa ba nama a kan ya sa sabulu a hannu. Minti ɗaya ne fa, da kumfa kaɗan.

Aka yi zaman dangi a kaina. Aka ce na bar mace ta ci mutuncin babban gida, na raba zumunci, boko ya hau min kai. Aka ce in je in ba da haƙuri. Na je, na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa, na ce in muryata ta yi sama a yafe min. A kan murya na ba da haƙuri. A kan sabulu ban bayar ba, kuma Ummi ba za ta sake shiga zauren nan ba sai ranar da aka tsiyaya ruwa daga buta. Har yau ba a tsiyaya ba. Suna can kowace Juma'a, manyan mutane masu digiri da carbi, suna layi a kan ruwan dattin juna da sunan ladabi.

Kai mai karatu, ba na roƙonka komai mai tsada. In cikinka ya ɓaci ka faɗa, ka janye hannunka daga tiren jama'a da bakin yara, ba wanda aka taɓa tuɓe wa rawani saboda zawo. In yaro na gudawa ka ba shi ruwa, ka ƙara, ka sake ƙarawa, in ka ga jini ko ido ya zurma ka ɗauke shi ka tafi, babban gida ya ji labari daga baya.

Talatar da ta wuce na dawo daga aiki na jingine babur a tsakar gida na shiga alwala. Sai na ji tartsatsin gilashi. Na fito na tarar Ummi ta haye kan babur ɗin ita kaɗai, ta kama madubi da hannu biyu ta murɗe shi har ya karye ya faɗi. Tana zaune a kan tanki, kumatu sun dawo, tana jira ta ga irin faɗan da zan yi. Na dubi ƙarfen da ta karya da hannun da wata biyu baya ba ya iya riƙe cokali. Na zauna a ƙasa ina dariya har hawaye, Hadiza ta fito da gudu ta zaci ciwon ne ya dawo.

Allah ya raya mana ita. Ya jiƙan ɗan Bafulatanar nan, ya ba uwarsa wani mai albarka. Madubi kuma akwai saura ɗaya a hagu, ta zo ta karya shi ma.